Ambaliya a Kebbi: Yaya ake ƙirga gidajen da suka rushe?

A watan Satumba na shekarar 2024 gwamnatin jihar Kebbi ta ba da sanarwar cewa ambaliyar ruwa ta hallaka mutane 29 a daminar shekarar, ta kuma lalata gidaje sama da 300,000 da gonaki masu faɗin hekta fiye da 800,000.

Shekaru biyu kafin nan, a watan Oktoba na 2022, gwamnatin tarayya ta ce ambaliyar da ta auka wa kusan dukan jihohin Najeriya ta rushe gidaje kimanin 82,000 ƙurmus, ta kuma lalata wani sashe na wasu gidajen kimanin 121,000.

Duk wanda ya jera waɗannan alƙaluma biyu zai ga cewa abin da jiha ɗaya ta ƙirga a 2024 ya zarce abin da aka ƙirga wa ƙasa baki ɗaya a 2022. Wannan ba ya nufin cewa wani ɓangare ya faɗi abin da ba haka ba. Abin da ya nuna shi ne babu ma'auni guda da kowa ke bi, kuma abin da wani jami'i ya rubuta a matsayin gida, wani zai iya rubuta shi a matsayin ɗaki.

A 'yan shekarun nan hukumomin agaji a sassan duniya sun koma ga hotunan tauraron ɗan Adam, da taswirar kwamfuta, da manhajojin wayar salula domin tantance ɓarnar da bala'i ya yi wa gine-gine. Tambayar ita ce, me waɗannan kayan aiki za su iya gani a garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama, inda yawancin gidajen karkara ginin ƙasa ne, kuma me zai kuɓuce musu?

Abin da ya sa ƙidayar ke da muhimmanci

Bayan kowace ambaliya, jerin sunayen da aka tattara shi ne ke yanke hukunci a kan wanda zai sami bandir ɗin kwano, da buhun siminti, da ƙusa, da tabarma, da gidan sauro. Magidancin da ba ya cikin jerin, ko da ɗakunansa duka sun zube, sau da yawa sai dai ya dogara ga 'yan'uwa da maƙwabta.

Da waɗannan alƙaluma ne kuma jiha ke neman tallafi daga Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, da kuma ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje. Idan alƙaluman sun gaza abin da ya faru, tallafin zai gaza. Idan kuma sun yi yawan da ba za a iya kare su da hujja ba, masu ba da tallafin kan ja baya.

Akwai kuma batun lokaci. Iyalan da gidajensu suka rushe kan fake ne a makarantun firamare ko a gidajen dangi. Duk kwanan da aka ƙara kafin a kammala tantancewa, kwana ne da yara ba sa shiga aji, kuma cututtuka irin su amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro na samun wurin yaɗuwa.

Ƙananan hukumomi uku, matsaloli iri-iri

Jega da Aliero da Maiyama suna cikin masarautar Gwandu, kuma suna cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Yawuri ta ratsa dukansu uku.

Garin Jega yana bakin Gulbin Zamfara, wanda ake kuma kira Gulbin Gindi a yankin. Ruwan da ya sauka can cikin jihar Zamfara yana iya cika gulbin ya malale fadama da ƙauyukan da ke gefenta, ko da ba a yi wani ruwan kirki a Jega ba. Fadamar ita ce arzikin manoman shinkafa, ita ce kuma hanyar da ambaliya ke biyowa.

A shekarar 2020, reshen jihar Kebbi na ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙasa ya ce ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu faɗin hekta aƙalla 450,000 a jihar. Wannan ya zo ne shekaru biyar bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, a watan Nuwamba na 2015.

Aliero, wadda ta yi suna wajen noman albasa, da ƙauyukan Maiyama da ke kan tudu, suna fuskantar wata ɓarnar dabam. A can ba sai gulbi ya kawo ba. Ruwan sama mai yawa da ya kwana yana zuba a watan Agusta yana jiƙa gini ya kuma kwanta a gindin katanga. A farkon damina kuwa, iska mai ƙarfi ce ke yaye rufin kwano na gidaje da azuzuwa da masallatai.

Ke nan ɓarna iri uku ce: ta gulbi, da ta ruwan sama, da ta iska. Kowace tana barin alama dabam, kuma ba kowace na'ura ce ke ganin dukansu ba.

Yadda aka saba ƙirgawa

Hanyar da aka saba bi ita ce mai unguwa ya zagaya ya rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, ya miƙa wa hakimi, daga nan zuwa ga uban ƙasa da ƙaramar hukuma, sannan hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, ta haɗa na ko'ina. Wani lokaci jami'an NEMA da na ƙungiyar agaji ta Red Cross kan kai ziyara domin ganin abin da ido.

Wannan hanya tana da fa'idar da babu kwamfutar da za ta maye gurbinta. Mai unguwa ya san kowa, ya san gidan da ke da marayu, ya san tsohuwar da ke zaune ita kaɗai.

Amma tana da rauni. Idan ruwa ya yanke hanya, ƙauyen da ba a iya isa ba yakan faɗi daga lissafi. Takarda ba ta nuna inda gidan yake, saboda haka yana da wuya wani ya koma ya tabbatar. Suna ɗaya na iya shiga sau biyu. Sannan kalmar "ya lalace" na iya nufin katangar da ta tsage, tana kuma iya nufin gidan da ya koma tsibin laka.

Mataki na farko: sanin abin da ke wurin tun kafin bala'i

Ba za a iya cewa gidaje nawa suka rushe ba sai an san nawa ne suke tsaye tun farko. Nan ne babban giɓi yake. Ƙidayar jama'a da gidaje ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Jega mutane kusan 200,000, Maiyama kimanin 175,000, Aliero kuma ƙasa da 70,000. Tun daga lokacin garuruwan sun faɗaɗa, an kuma yi sabbin unguwanni da tungaye.

Wani ɓangare na cike wannan giɓi ya fito ne daga inda ba a zata ba, wato yaƙi da cutar shan inna. A farkon shekarun 2010, masu aikin allurar rigakafi a jihohin arewa sun gano cewa taswirorin da ake zanawa da hannu suna tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage masu yawa. Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan Adam aka zana taswirar matsugunai, aka kuma bi su a ƙasa aka rubuta sunayensu. A kan wannan aiki aka gina shirin GRID3, wanda ke wallafa taswirar matsugunai da iyakokin mazaɓu da wuraren da asibitoci da makarantu suke, tare da ƙiyasin yawan jama'a.

A shekarar 2021 kuma, cibiyar binciken kamfanin Google da ke Accra a ƙasar Ghana ta fitar da wani rumbun bayanai mai suna Open Buildings, wanda ya ƙunshi zanen gine-gine miliyan 516 a nahiyar Afirka. Kwamfuta ce aka koya wa gane rufin gini a cikin hoto, ta zana iyakarsa. Kamfanin Microsoft ma ya fitar da irin wannan zane na gine-ginen Najeriya. Akwai kuma taswirar OpenStreetMap, wadda masu aikin sa kai ke zanawa, wadda ta yi fice bayan girgizar ƙasar Haiti ta watan Janairun 2010.

Duka waɗannan ana samun su kyauta a intanet. Sai dai suna nuna siffar rufi ne kawai. Ba su faɗi ko ginin na bulo ne ko na ƙasa, ko ɗakin kwana ne ko rumbu, ko mutum nawa ke kwana a ciki.

Mataki na biyu: ido daga sama

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A watan Satumba na 2003 aka harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga tashar Plesetsk ta ƙasar Rasha, ƙarƙashin Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA. Tauraron ya ɗauki hotunan da aka yi amfani da su bayan igiyar ruwan tsunami ta tekun Indiya a 2004, da kuma bayan guguwar Katrina a Amurka a 2005. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X.

Akwai kuma wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta fara aiki a shekarar 2000, wadda a ƙarƙashinta hukumomin sararin samaniya ke ba da hotuna kyauta ga ƙasar da babban bala'i ya auka wa. An yi amfani da ita a Najeriya a lokacin ambaliyar 2012 da ta 2018. Cibiyar tauraron ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNOSAT, ita ma ta zana taswirar wuraren da ruwa ya mamaye a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau a watan Satumba na 2024.

Taurarin da ake amfani da su iri biyu ne. Na farko suna ɗaukar hoto ne kamar kyamara. Misalinsu shi ne Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, mai komawa kan wuri ɗaya kusan duk bayan kwana 5. Matsalarsu ita ce gajimare. A watan Agusta da Satumba, lokacin da aka fi buƙatar hoton, hadari na iya rufe sararin Kebbi kwanaki a jere.

Iri na biyu suna amfani da na'urar radar, kamar Sentinel-1 da aka fara harbawa a 2014. Radar tana aika igiyar lantarki ƙasa ta saurari abin da ya dawo mata, kuma igiyar tana ratsa gajimare dare da rana. Ruwan da ya kwanta lumui yana karkatar da igiyar ta tafi wani gefe, sai wurin ya fito baƙi a hoton. Idan aka kwatanta hoton kafin ambaliya da na bayanta, duk inda ya koma baƙi ruwa ne ya mamaye shi.

Daga nan sai kwamfuta ta ɗora taswirar ruwa a kan taswirar gine-gine, ta ƙirga gine-ginen da suka faɗa cikin ruwan. A fadamar Gulbin Zamfara, inda fili yake a shimfiɗe, wannan aiki na iya ba da amsa cikin kwana ɗaya ko biyu da samun hoton, ya nuna ƙauyukan da ya kamata a fara kai wa jirgin ruwa.

Abin da tauraro ba ya gani

Ginin da ruwa ya kewaye dabam, ginin da ya rushe dabam. Gidan bulo da siminti na iya kwana uku a cikin ruwa ya fito lafiya, alhali ɗakin ƙasa na iya zubewa bayan ruwan ya tsaya a gindinsa na 'yan sa'o'i.

Girman abin da tauraro ke iya bambancewa ma abin dubawa ne. Kowane ɗigo ɗaya a hoton Sentinel-2 yana wakiltar fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. Ɗakin kwana a ƙauye bai cika wuce mita 3 zuwa 4 ba, ke nan ɗakuna da dama na iya ɓuya a cikin ɗigo guda. A hoton NigeriaSat-1 ɗigon ya kai mita 32. Domin a ga gini ɗaya-ɗaya sai an nemi hotunan taurarin kasuwanci, masu ganin abin da bai wuce santimita 30 zuwa 50 ba, waɗanda ke da tsada kuma su ma gajimare na tare su.

Ko an sami irin wannan hoto, tauraro rufi yake gani. Ginin ƙasa kuwa daga ƙasa yake mutuwa. Ruwa yana jiƙa gindin bango, laka ta yi laushi, bangon ya kumbura ya tsage, sannan ya zauna. Sau da yawa bango ɗaya zai faɗi, rufin kwano ya ci gaba da zama a kan sauran, sai hoto daga sama ya nuna gidan kamar babu abin da ya same shi. Soron da aka rufe da azara da ƙasa kuma launinsa ɗaya ne da tsakar gida da hanya, ko yana tsaye ko ya rufta. Inuwar bishiyoyin darbejiya da ke cike da garuruwan yankin tana ƙara ɓoye wasu ɗakunan.

Akwai kuma batun jinkiri. Gidajen ƙasa da yawa ba sa faɗuwa a ranar da ruwa ya shigo, sai bayan ya janye da kwanaki. Hoton da aka ɗauka lokacin da ambaliya ta kai ƙololuwa ba zai nuna su ba. Haka nan kowane tauraron Sentinel-1 yana komawa kan turba ɗaya ne bayan kwana 12, don haka ruwan da ya zo cikin dare ya wuce kafin azahar na iya tserewa gaba ɗaya. Radar kuma tana ruɗewa a cikin gari mai cunkoson gidaje, domin bango da rufi suna mayar da igiyar ta hanyoyi daban-daban.

Wannan na nufin cewa ɓarnar ruwan sama a ƙauyukan tudu na Aliero da Maiyama, inda babu wani tafkin ruwa da zai fito baƙi a hoto, ita ce ta fi saurin kuɓuce wa tauraro. Ɓarnar iska kuwa ta fi sauƙin gani, domin rufin da ya yaye yana sauya kamannin gini daga sama.

Ƙirƙirarriyar basira da darasin da aka koya mata

A yanzu ana koya wa kwamfuta ta kwatanta hotuna biyu, na kafin bala'i da na bayansa, ta yanke hukunci da kanta a kan kowane gini. Hanyar ita ce a nuna mata dubban misalai da mutane suka riga suka yi wa alama, har ta koyi bambance ginin da ke tsaye da wanda ya rushe.

Ɗaya daga cikin fitattun rumbunan misalan shi ne xBD, wanda aka fitar a 2019 da haɗin gwiwar Jami'ar Carnegie Mellon da wani sashe na ma'aikatar tsaron Amurka. Ya ƙunshi gine-gine sama da 850,000, an kasa su mataki huɗu: babu ɓarna, ɓarna kaɗan, ɓarna mai yawa, da rushewa gaba ɗaya. An yi amfani da manhajar da aka gina a kansa bayan girgizar ƙasar Turkiyya ta watan Fabrairun 2023.

Sai dai bala'o'i 19 da aka ɗauko misalan daga cikinsu sun faru ne a ƙasashe irin su Amurka da Indunusiya da Meziko da Nepal. Babu ko ɗaya daga nahiyar Afirka. Kwamfutar da ta koyi darasinta a kan gidajen katako na Amurka da benayen kankare ba ta san zaure da shigifa da rumbu ba. Kafin a amince da hukuncinta a Kimba ko Sabiyal ko Andarai, sai an gwada ta da misalan gidajen yankin, an ga yawan kuskurenta.

Jirage marasa matuƙa suna rage wasu daga cikin matsalolin. Suna tashi a ƙarƙashin gajimare, suna kuma iya ɗaukar hoto a karkace har a ga bango. Amma filin da suke iya kewayawa a rana kaɗan ne, kuma tashinsu a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Mataki na uku: mutum a bakin ƙofa

Saboda waɗannan dalilai, babu makawa sai an je ƙafa da ƙafa. Abin da ya sauya shi ne abin da jami'in ke riƙe da shi. Maimakon takarda da biro, hukumomin agaji da yawa sun koma ga manhajojin tattara bayanai irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda ake sa wa a wayar salula ta Android.

Jami'in zai tsaya a ƙofar gida, wayar ta ɗauki lambobin GPS da ke nuna daidai inda yake, ya ɗauki hoton ɓarnar, sannan ya amsa tambayoyi iri ɗaya da ake yi a kowane gida. Manhajar ba ta buƙatar intanet a lokacin aikin. Tana ajiye bayanan har sai an dawo inda ake samun sabis, sannan ta aika. Ana iya rubuta tambayoyin da Hausa.

Fa'idar wannan ita ce kowane suna yana da wuri da hoto da lokaci. Idan an shigar da gida ɗaya sau biyu, zai bayyana a taswira. Idan an ce an ziyarci ƙauye alhali ba a je ba, wayar za ta nuna. Idan kuma taswirar tauraro ta nuna ruwa ya mamaye wata tunga amma babu rahoto ko ɗaya daga can, shugaban aikin zai san cewa an tsallake ta.

Ta haka matakan uku ke gyara wa juna. Tauraro yana faɗin inda za a je, mutum yana faɗin abin da ya tarar, kuma abin da mutum ya tarar shi ne misalin da za a koya wa kwamfuta domin gaba.

Gida ko ɗaki?

Kafin a sa tambaya ko ɗaya a cikin waya, sai an amince a kan abin da ake ƙirgawa. A ƙasar Hausa gida yana nufin duk abin da katanga ta kewaye: zaure, da turakar maigida, da ɗakunan mata, da sassan 'ya'yan da suka yi aure, da madafa, da rumbuna. Gida ɗaya na iya ɗaukar magidanta huɗu ko biyar.

Kwamfutar da ke ƙirga rufi za ta ga gine-gine goma a wurin. Mai unguwa zai ce gida ɗaya ne. Jami'in agaji mai rabon abinci zai ce iyalai huɗu ne. Dukansu sun yi gaskiya, amma idan aka haɗa lissafinsu a jadawali ɗaya ba tare da bambancewa ba, jimillar ba ta da ma'ana.

Mafita ita ce a rubuta ukun dabam-dabam, a kuma kasa ɓarnar mataki-mataki da kalmomin da kowa zai gane: ɗakin da ya zube, ɗakin da ya tsage har kwana a cikinsa ya zama haɗari, ɗakin da rufinsa kawai ya tafi, da wanda ruwa ya shiga amma yana nan daram. Ya kamata rumbun hatsi da wurin ajiyar albasa da rijiya da masai su sami nasu gurbin, domin iyalin da rumbunsu ya faɗi sun rasa abincin shekara ko da ɗakunansu na tsaye, masan da ya rufta kusa da rijiya kuwa barazana ce ga unguwa baki ɗaya.

Daga ƙidaya zuwa kuɗi

Matakin ƙarshe shi ne mayar da ɓarnar zuwa kuɗi. Bayan ambaliyar 2012, wadda NEMA ta ce ta hallaka mutane 363 ta kuma raba sama da miliyan biyu da muhallansu, gwamnatin tarayya tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya sun gudanar da cikakken bincike. Sakamakon ya ƙiyasta ɓarna da asarar a kan naira tiriliyan 2.6, amma sai a shekarar 2013 ya fito.

Bayan ambaliyar 2022, Bankin Duniya ya bi wata hanya mai sauri da ake kira GRADE, wadda ke haɗa hotunan tauraro da bayanan gine-gine da rahotannin hukumomi. Cikin 'yan makonni ta ƙiyasta ɓarnar tsakanin dala biliyan 3.79 da biliyan 9.12, tare da ɗaukar biliyan 6.68 a matsayin tsaka-tsaki. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta nuna iyakar hanyar. Tana da amfani ga mai tsara kasafin kuɗin ƙasa, amma ba za ta faɗi wanda ya cancanci kwano a wata unguwa ta Jega ba.

Amana da sirrin jama'a

Tattara irin waɗannan bayanai na tattare da nauyi. Hoton cikin gida da sunan maigida da adadin iyalinsa da daidai inda yake ba abin da za a bari a hannun kowa ba ne, musamman a jihar da wasu sassanta ke fama da matsalar tsaro. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanai alhakin tsare su da kuma yin amfani da su a kan abin da aka tattara su dominsa kawai.

Akwai kuma al'ada da addini. Namiji baƙo ba ya wuce zaure sai da izini, alhali yawancin ɗakunan da ake son dubawa suna cikin gida. Tawagar da babu mata a cikinta za ta dawo da rabin labari, kuma matan da mazajensu suka rasu ko suka tafi cin rani su ne suka fi faɗuwa daga jerin.

Na'ura ba ta kawar da son zuciya, tana dai sa ya yi wuyar ɓoyuwa. Karanta jerin sunayen a bainar jama'a a ƙofar hakimi kafin a fara rabo, da ba wanda aka tsallake damar kai ƙorafi, suna nan da muhimmancinsu.

Aikin rani ne, ba na damina ba

Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, Hukumar Kula da Koguna da Albarkatun Ruwa, NIHSA, kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Ke nan akwai watanni tsakanin gargaɗi da zuwan ruwa.

A cikin waɗannan watanni ne ya kamata a sauke taswirar gine-gine, a bi ta a ƙasa a gyara, a rubuta irin ginin kowane gida a ƙauyukan bakin fadama, a shirya tambayoyin da Hausa, a kuma horar da matasa maza da mata a kowace mazaɓa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a Aliero a 2006, tana tsakiyar yankin, kuma irin wannan aiki ya dace da ɗalibai da malamanta.

Yawancin taswirorin da hotunan Sentinel da manhajojin kyauta ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne horarwa, da man babur, da hayar kwalekwale, da ma'aikacin da zai riƙa sabunta bayanan kowace shekara. Idan ba a yi wannan tanadi ba, duk ranar da Gulbin Zamfara ya sake cika, ƙidayar za ta sake farawa ne daga takardar mai unguwa, kuma magidancin da ke tungar da hanya ta yanke shi ne zai fi daɗewa yana jira.